Yinin da Babur Ɗina Ya Watsa Mata a Bakin Rijiya

Mun tashi da asuba ranar Asabar. Ana sallame salla muka haɗu a ƙofar garejin abokinmu a Zinder, mu huɗu, kowa da babur ɗinsa. Niyyarmu Gidimuni, mu ga yadda tafki ya cika bana, mu ci kifi, mu juyo kafin magariba. Akwai babbanmu, dattijo ɗan asalin Barno wanda da ya ajiye aikin gwamnati ya sayi babban babur maimakon kujerar zaman ƙofar gida. Akwai mai garejin, wanda shi ke duba mana injuna. Akwai malamin lakwal, wato makarantar boko, mutumin da ba ya wuce gudun da doka ta ce ko da ba kowa a hanya. Sai ni, wanda duk suka yarda na fi su rawar kai.

Dole in faɗi wani abu tun yanzu. Sati biyu kafin tafiyar na sa aka fasa bututun hayaƙin babur ɗina, aka cire abin da ke danne ƙara a cikinsa. Yayi ne tsakaninmu masu manyan babura, kowa na so a ji shi tun kafin a gan shi. Mai gareji ya ƙi yi mini aikin, ya ce duk sanda na rage wuta a gangare injin zai dinga harbi. Na ce ai harbin nake so. Na kai wa wani mai walda ya yi mini a cikin awa ɗaya, na dawo ina ta zagaya unguwa ina jin kaina.

Daga Zinder zuwa Mirya hanya ba laifi. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, iska mai sanyi tana shiga ta wuyan riga. A shingen jandarmomi aka duba takardunmu, ɗayansu ya zagaya babur ɗina ya ce wannan moto ne ko jirgi. Na ɗauke shi yabo. Muka karya a Mirya da waina da shayi mai kauri, muka sha esans, wato fetur, a wurin masu sayarwa a kwalba. Kuɗinsa ya hau fiye da yadda muka bar shi wancan zuwan, kuma mai gareji bai yarda da kwalba ko ɗaya ba sai ya ɗaga ta ya duba a hasken rana, sannan ya tace da ƙyalle. Mai esans ɗin ya ji haushi, amma ya haƙura tunda lita da yawa muka saya.

Bayan Mirya ramuka suka fara, kowane cike da ruwa, ba ka san zurfinsa ba sai ka faɗa. Wajen Hamdara na kawo shawara mu bar kwalta mu bi wata hanyar amalanke da ke ratsa gonaki, wai za ta fito da mu ta bayan tafki. Ni na shiga gaba. Ku tuna da shigarmu: baƙaƙen riguna masu kauri, kaske, wato hular kwano, ya rufe kai duka, ga ƙyalle a kan hanci da baki. Dattijo kuma ya ɗaure wata doguwar jaka baƙa a bayan babur ɗinsa, sandunan kamun kifi ne a ciki. Mu a wurinmu kayan tafiya ne kawai.

Da hantsi muka hau wani tudun rairayi. Ina gangarowa na rage wuta, babur ɗin ya saki harbi uku a jere, tas, tas, tas, sannan ya ƙara biyu. A ƙarshen gangaren ashe rijiya ce, mata sun fi goma a bakinta. Ban taɓa ganin mutane sun watse haka ba. Tuluna suka faffashe, guga ya koma cikin rijiya da igiyarsa, wata ta fizgi goyonta da hannu ɗaya ta faɗa cikin gero. Kafin in taka birki ba kowa a wurin sai jaki.

Muka tsaya, muka kuma yin wani kuskuren. Ba wanda ya cire kaske, muna zaune a kan babura injuna na aiki, muna kallon juna. Ba a yi minti biyar ba maza suka fara fitowa daga gonaki, masu hauya, masu adda, da mutum biyu da kwari da baka. Ba su yi ihu ba, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro. Dattijo ne ya fara kashe injinsa, ya cire kaske a hankali furfurarsa ta bayyana, ya ɗaga hannu biyu ya yi sallama da ƙarfi. Sai a sallama ta uku wani ya amsa.

Aka karɓe makullanmu, aka tasa mu gaba zuwa gindin wata tsamiya a ƙofar gidan mai gari. Da aka kwance doguwar jakar aka ga sandunan kifi da ƙugiyoyi, har wasu sun fara murmushi, ni ma numfashina ya fara dawowa. Sai ga wani magidanci ya shigo da gudu, ƙafafunsa duk laka. Ya ce duk matan sun dawo, ban da mahaifiyarsa.

Mai gari ne ya yi mana bayani, muryarsa a kwance. Tsohuwar ba 'yar garin ba ce. Daga gabas suka zo ita da ɗanta shekarun baya, bayan wasu mutane a kan babura, fuskoki a rufe, sun shiga ƙauyensu da safe. A gabanta aka kashe mijinta. Tana da ciwon ƙirji, ba ta iya doguwar tafiya. Gonakin da ta shiga kuma suna gangarawa ne zuwa fadama, inda masu lambu suka haƙa ramukan ban ruwa, duk sun cika sun ɓace a cikin ciyawa.

"Bayin Allah, ba mai barin garin nan sai an gan ta," in ji mai gari. "Wane ne ya yi harbin?"

Malamin lakwal ya fara cewa wataƙila esans ɗin Mirya ne ba shi da kyau. Rufa mini asiri yake so ya yi. Amma na ce, "Allah ya taimake ka, ba esans ba ne. Moto na ne, kuma ni na sa aka mai da shi haka." Ɗan tsohuwar ya dube ni tun daga takalmi har kai, ya juya ya koma cikin gero.

Daga nan sai jira. Aka bar mana mutum huɗu masu gadi, sauran maza duka suka bazu suna kiran Iya, Iya. Muna jin muryoyinsu suna nisa suna dawowa. Rana ta take, rigar nan mai kauri ta zame mini azaba, amma kunya ta hana ni cirewa. Wata mata ta ajiye mana ruwa a ƙwarya ba tare da ta dube mu ba. Da azahar aka ba mu buta muka yi salla a inda muke, ban san me na karanta ba.

Bayan salla aka zo da labarin an ga takalminta ɗaya a bakin wani rami. Na ga mutane sun wuce da dogayen sanduna za su laluba ruwan. Wasu samari suka matso kusa da baburanmu, ɗaya yana cewa a cinna musu wuta kawai. Babur ɗin nan na fi wanke shi a kan yadda nake wanke fuskata, amma wallahi a lokacin da za su ƙone shi tsohuwar ta fito da rai, da ni zan miƙa musu ashana. Tsoro nake ji ƙwarai, na raina da na abokaina, amma abin da ya fi cin zuciyata shi ne a ce na kashe uwar wani saboda ina son a ji ƙarata.

Ba a sami komai a ramin ba. Wajen la'asar dattijo ya nemi izini ya matsa kusa da mai gari. Ya ce shi ma yana da dangi da suka gudo daga can, ya san yadda suke ɓuya. "Wanda ya ɓuya don tsoron maza ba ya fitowa don maza na kiransa," ya ce. "Tana jin gudu da ihu, a wurinta har yanzu ana cikin tashin hankali. A janye maza. A sa mata su koma rijiya, su yi daka kamar kullum."

Mai gari ya aika aka kira kowa. Ɗan tsohuwar ya ƙi dawowa sai da aka riƙo shi. Gari ya yi tsit. Can sai muka ji taɓarya ta sauka a turmi a wani gida, wata ta amsa daga wani gidan, har suka zama biyar ko shida. A rijiya aka zura sabon guga, mata suna magana sama-sama. Muka zauna muna saurare. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san inuwar tsamiya ta bar mu ta koma gefe.

Wata yarinya mai ɗibar ruwa ce ta fara ganinta. Da rarrafe ta fito daga gonar da ke daf da rijiyar, ko taku hamsin ba a yi ba. Ashe tun safe tana kwance a cikin kunyar gona, ta ja ganyen wake ta rufe jikinta, masu nema sun wuce ta gefenta ba sau ɗaya ba. Aka ɗauko ta aka kwantar a tabarma, aka ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Ƙaramar mace ce, numfashinta na fita da ƙyar.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Iya, ki yafe mini." Ba ta dube ni ba. Ta kama hannun ɗanta ta yi masa magana da Barbarci. Daga baya dattijo ya gaya mini abin da ta ce. Tambaya take yi, mutum nawa aka kashe.

Mai gari ya mayar mana da makullai, bai nemi komai a wurinmu ba. Ya ce in mun sake zuwa garin mutane mu sauka tun daga nesa, mu buɗe fuska, mu yi sallama kamar yadda iyayenmu suka koya mana. Ya ce kada a tayar da inji ko ɗaya sai mun wuce gonakinsu. Haka muka tura baburan nan a cikin rairayi, kowanne da nauyi kamar saniya, muna zufa. Da muka yi nisa sauran suka tayar da nasu, ni kuma mai gareji ya ja ni da igiya har bakin kwalta. Gidimuni ba mu gan ta ba, kifi ba mu ci ba. Ana kiran isha'i muka shigo Zinder.

Na yi shekaru ina hawan babur, ina taƙama na san mai, na san sarƙa, na san taya. Wannan tafiyar ta nuna mini ban taɓa tambayar kaina yadda nake a idon wanda ke tsaye a bakin hanya ba. A ƙasar nan akwai mutanen da ƙarar babur ba wasa ba ce a kunnensu. Ranar Litinin mai gareji ya mayar mini da bututun yadda kamfani ya yi shi, bai ce mini ai na gaya maka ba.

Ranar Talata na kira mai gari a lambar da ya ba mu don in tambayi jikinta. Ya ce da sauƙi, ta fara cin abinci. Sai ya ce amma ta ƙulle kayanta a zane ta ajiye a bakin ƙofa. Geron ɗanta saura kwanaki a girbe, ita kuwa tun ranar take roƙonsa su ƙara gaba, ta ce nan ma masu baburan sun gano hanya.