Ruwan da aka fassara mana iska

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Taman Melati da ke Kuala Lumpur, iyali uku a mota ɗaya, kowa da takunkumi a fuska. An sassauta kullen korona, mu kuwa zaman gida ya ishe mu har yara sun fara zane a bango. Wani ɗan garinmu mai dillancin tafiye-tafiye ne ya shirya mana zuwa wani tsibiri a gabas, a farashin da ya kamata ya ba mu tsoro, shi ma ya biyo mu a matsayin jagora. Araha dai ba ta ado. A cikinmu har da maƙwabciyata mai cikin wata bakwai, wadda likita ya ce tafiya ba za ta yi mata komai ba.

Titi sumul, hagu da dama gonakin kwakwar manja har ido ya gaji. Mun tsaya mun ci shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da yajin da ya sa maigidana hawaye yana rantsuwa wai mura ce. Daga gaɓar teku jirgin ruwa ya tsallaka da mu.

Tsibirin yana da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma mun tarar da mutanensa cikin aiki: maza na jawo kwale-kwale kan tudu, wasu na ɗaure rufin kwano da igiya, mata na hawa da buhunan shinkafa zuwa masallacin da ke kan dutse. Babu mai gudu, babu mai ihu.

Washegari da hantsi mai masaukinmu, wata dattijuwa da ba ta jin Turanci, ta kawo mana takardar gargaɗi da yaren Malay. Ta nuna cikin maƙwabciyata, ta nuna teku, tana ta maimaita "ayer, ayer". Dillalin ya karɓi takardar, ya gyara tsayuwa.

"Hajiya, no wahala lah," ya ce mini. "Ga shi nan an rubuta air. Iska ce kawai, ku rufe taga."

Ashe a yarensu wannan kalmar ruwa take nufi, ba iskar Turanci ba. Mutumin da ya shekara da shekaru a ƙasar, Malay ɗinsa bai wuce makan da tapau ba, wato ci da ƙunshe saura, amma girman kai ya hana shi cewa bai sani ba! Takardar cewa take ruwa zai hau, kuma jirgi na ƙarshe zai kwashe masu ciki da tsofaffi da marasa lafiya kafin azahar. Haka al'adarsu take duk lokacin da guguwa ta doso. Muna tsaye a baranda muka ga jirgin ya cika ya tafi, har hoto muka ɗauka.

Bayan la'asar sama ta yi baƙi, teku ta shigo ɗakunanmu har gwiwa. Mutanen gari ne suka tallabe mu zuwa masallaci. Can muka tarar an shata wa kowane gida wurinsa da tazara saboda korona, ga ruwan sha, ga fitilu, ga takunkumi. A nan naƙuda ta kama maƙwabciyata. Ma'aikaciyar jinyar tsibirin ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma sai da teku ta lafa washegari aka samu tsallaka da ita. Ta haifi mace, bakwaini, tafin hannunta bai fi babban yatsana ba.

Mun dawo Kuala Lumpur. Abin da na koyo shi ne shiri ba tsoro ba ne, kuma gargaɗin da baƙo bai fahimta ba daidai yake da ba a yi ba. Har yanzu raina a ɓace yake, da dillalin, da mu da muka ga gari guda na ɗaure rufi ba mu tambayi dalili ba. Shi kuwa da ya zo dubiya cewa ya yi ƙaddara ce.

Jaririyar na cikin kwalba a asibitin da aka maido ta a nan Kuala Lumpur. Dokar korona ta taƙaita shiga, don haka kullum uwar ke tatso nono, in raka ta mu miƙa a bakin ƙofa. Jiya a hanyar dawowa ta tambaye ni ko na lura da kamannin yarinyar, don ita ba ta samu ta kalle ta da kyau ba.