Mustapha Illo, Wanda Ya Auna Hannuna a Kwali

Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, Inna ta leƙo ɗakina ta ce Allah Ya karɓi ran Yaya Mustapha Illo, mai gyaran kwamfuta na kusa da tashar Yelwan Yawuri, bayan jinyar kwana tara. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Yaya Mustapha, katanga ce kawai ta haɗa gidajenmu, amma tun ina yaro da wannan suna nake kiranka. A shagonka na koyi wasan kwamfuta, a nan kuma na fara jin kana kushe kibod ɗin roba na kasuwa, wai danna shi da danna tuwo duk ɗaya. Kai naka kake haɗawa. Kowane madanni da makunninsa, da ɗan sifirin a ciki. Ka shafa masa mai da gashin kaza, ka liƙe shi da dalma, ka kara kunne ka ji ƙas ɗinsa, in bai yi maka ba ka cire. Mai gaggawa bai taɓa jin daɗin hulɗa da kai ba, kai kuwa ko a jikinka.

Shekara uku ke nan da bel ɗin injin casar shinkafa ya cire mini yatsu biyu na hannun hagu, na tsakiya da mai bi masa. A wasanmu kuwa hagu ce ke tafiyar da ɗan wasa. Ciwo ya warke, amma kunya ta kama ni. Na daina zuwa shago, hannun ya tare a aljihu. Ko addu'a ake yi a masallaci, sai in lulluɓe shi da hannun riga.

Wata biyar ka zuba mini ido. Ran nan sai ga ka a zaurenmu da kwalin sabulu da biro.

"Anas, hiddo hannun ga. Mi kaka ɓoyo?"

Na ce, "Yaya, ba abin kallo ba ne."

Ka ce, "Ba kallo niz zo ba, awo niz zo. Aza shi nan."

Ka zagaye shi da biro, yadda mahaifinka baduku yake zagaye ƙafar mai son takalmi. Da ka zo kan dungun ba ka tsaya ba, ba ka ce sannu ba, ka bi shi kamar sauran yatsu. A kan wannan zane ka jera madannai: ka lanƙwasa layinsu yadda manuni zai kai ba tare da miƙewa ba, ka sa uku a ƙarƙashin babban yatsa, ka nema wa ƙaramin yatsa sifirin mai laushi don kada ya gaji.

Gidan kibod ɗin na farko da sabon katako ka sassaƙa shi, da rani. Damina na sauka, laimar bakin ruwa ta shige shi, ya kumbura, madannai suka riƙa maƙalewa. Ka yi wa kanka dariya har da hawaye, wai ɗan Yawuri guda ya manta da halin ruwa. Ka gangara wurin masunta ka roƙo ɓallin tsohon kwalekwale. Ka ce, "Wanga ya shekara ashirin cikin ruwa, ya sha ya ƙoshi, ba shi ƙara kumburi." Haka kuwa aka yi. Har yau in hadari ya haɗo yakan ɗan yi ƙarnin kifi, kuma ba na so ƙarnin ya fita.

Sai dai ka hana ni tafiya da shi gida. Ka ce a shago za a gwada, a gaban kowa. Na fito da hannun ina gumi, ka zauna ka lallasa ni sau huɗu a jere ba tausayi. Ranar da na rama, bayan mako shida, ka ce ai sifirin ne ya taimake ni. Na ji daɗin wannan ƙorafi naka fiye da duk jajen da aka yi mini.

Ranar Talata da aka ɗaga makararka, na kutsa na kama. Sai da muka kusa maƙabarta na lura cewa da hagu na riƙe ka, a gaban dukan mutanen unguwa, kuma yatsu ukun nan ba su saki ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Anti Asibi, wadda ta aiko mini da kwalin nan mai zanen hannuna jiya, da 'ya'yanka Zakiyya da Ibrahim, da dukan dangi na Yelwa da Ngaski. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Yaya Mustapha, Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. A kan kibod ɗinka na rubuta wannan, addu'ar kuma na yi maka ita da hannu biyu a buɗe.