Yayana na Ajin Haziƙai

Ina 'yar shekara shida na fara jin sunan yayana, a bakin mai shagon unguwarmu ta Harra ta Gabas, a nan ƙasar Larabawa. Ya miƙo mini burodi ya ce, "Ke ba ƙanwar Abdulmajid ba ce?" Na ce a'a. Da na koma gida na tambayi Inna wane ne Abdulmajid, sai ta juya mini baya ta ci gaba da wanke-wanke. Goggo Tasallah, ƙanwar babanmu, ita ce ta murɗe mini kunne ta ce, "Ke Ikram, ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane." Mu Yaya muke ce masa. Inna kuwa "yaron nan" take cewa, kamar yadda tata uwar ta yi tun kafin su baro Kano.

Ina rubuta wannan ne don kada wata rana ya ce bai sani ba. Ya sani sarai. Bayan rasuwar babanmu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana aiki a gonakin dabino na Awali, Inna ba ta taɓa cin abinci kafin Yaya ya dawo daga makaranta ba. Naman da ya fi kyau a ƙasan kwanonsa take binne shi, ta ba ni in kai masa. Ya cinye, ko kai ba ya ɗagowa daga littafi.

Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba shi, ba zan hana shi wannan ba. Ya shiga jami'a yana karatun injiniya, a shekara ta biyu aka zaɓe shi cikin shirin haziƙai, waɗanda suke kira mutafawwiƙin. Ajinsu daban, su kaɗan, kowa da farfesan da ke kula da shi, ana kai su taro Riyad. Dama can in an yi masa Hausa da Larabci yake amsawa. Yanzu har Larabcin namu ya fara gyarawa. Wata rana ya ce matsalar gidanmu rashin tsari ne. Goggo ta ce, "To farfesa, tsara mana kwandon sharar nan, ya cika."

A ƙarshen shekarar aka yi musu hafla, wato bikin karramawa, aka gayyaci iyaye. Inna ta so ta zauna a gida, shi ya matsa. Muka zauna ɓangaren mata. Ashe an shirya kowace uwa za a miƙa mata makirufo ta faɗi wani abu a kan ɗanta. Uwar abokinsa Fahad ta miƙe tana hawaye, Fahad hasken idona, Fahad kaza, aka yi ta tafi. Da aka zo kan Inna, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa malamai da alheri." Matar da ke riƙe da makirufon ta yi murmushi ta ce, "Sunan ɗanki, ya hala?" kamar yadda suke kiran babbar mace. Inna ta ƙara sunkuyar da kai. Matar ta sake tambaya. Wasu 'yan mata a bayanmu suka ƙyalƙyale da dariya. Goggo ta fizge makirufon ta faɗi sunan, ta rangaɗa guɗa har lasifika ta yi ƙara.

A mota Yaya ya fara, da Larabci. "Kin tozarta ni. Kowa uwarsa tana alfahari da shi, ni tawa ko sunana ba ta iya faɗa."

Goggo ta ce, "Kai, ɗan nema! Wa ya goye ka? Farfesan?"

"Halas, ya amma," wato ya isa, Goggo, "ba da ke nake ba."

Inna tana kallon taga.

Ba a yi wata ba ya koma ɗakin ɗalibai. Sai Juma'a yake leƙowa, ya gaishe ta a tsaye. Mutumin da aka ce ya fi dubban ɗalibai fahimta, abin da yarinya ta gane da murɗar kunne ɗaya ya gagare shi. Ni ban ma yarda ya gagare shi ba. Ya zaɓi ya ji kunyarta ne, don ya fi masa sauƙi a gaban su Fahad.

Bana zai gama. Inna ta ji labarin bikin yayewa a bakin maƙwabta, ta sayo sabuwar abaya ta rataye a bayan ƙofa. Ta ce wa Goggo, "Ke za ki yi magana in an tambaya. Ni can baya zan zauna, in dai zan hango yaron nan."

Juma'ar da ta wuce ya kira ni zaure. Rabon da ya yi mini Hausa har na manta, amma ranar da Hausa ya yi, ƙasa-ƙasa, yana duban wayarsa.

"Ikram, ke take jin maganarki. Ki ce mata bana ba a gayyatar iyaye mata."