Kwabon da Bawa Maƙeri Ya Huda

Har yau ban manta da ranar da aka kawo Bawa maƙeri gaban Di'o a Gusau ba. Shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ne, ni kuma ina malamin baitulmali, ƙarƙashin Ma'aji. Aikina duba kuɗin harajin da hakimai suke aikowa, in ware na jabu da na gaske.

Ku yaran yanzu da kuka tarar da aikin a shirye, bari in faɗa muku yadda muke yi. Sule da fataka a kan dutse muke buga su mu saurari ƙara. Kwabo kuwa farin ƙarfe ne, da kambi a fuska ɗaya, da tauraro a ɗayar, da huda a tsakiya. Hudar nan ita mutane suka fi yarda da ita, don a zare suke jera kwabbansu kamar yadda suka saba yi da kuɗin wuri. Ƙa'ida ita ce duk kuɗin da na yi shakkarsa in kai wa Ma'aji, shi kuma ya kai wa Di'o, wato Baturen da ke kula da yankin.

Cikin harajin Bungudu na ci karo da wasu kwabbai masu hudar da ba ta yi mini ba. Hudar Turawa sumul take. Wannan kuwa tana da kaifi, ta karkace har ta ci gindin kambi. Amma ƙarfen na gaske ne, rubutun ma ba inda ya zame. Na taɓa ganin irin haka: wani lokaci injin da ke buga kuɗi a can ƙasarsu yakan tsallake, kwabo ya fito ba huda. Na gaya wa Ma'aji kuɗin sahihi ne, wani ne dai ya huda shi da hannu.

Ba a sha wahalar gano mai hudar ba, don duk kasuwar Bungudu ta san shi. Leburorin jirgi ne aka biya da sababbin kwabbai, wasu a toshe. Mata masu fura da nono suka ƙi karɓa, suka ce abin da ba ya shiga zare ba kuɗi ba ne. Sai leburorin suka nufi Rawayya wurin Bawa, dattijon da ke ƙera fartanya da lauje. Shi kuwa maƙeri, in ka kawo masa ƙarfe mai aibi ba ya tambayar na wane ne, gyarawa yake yi. Ko goro bai karɓa ba.

Da ƙafarsa ya biyo dogarin da aka aika ya kira shi, har da kayan aikinsa a jaka, yana zaton wani aikin za a ba shi. Di'o ya sa tafinta ya tambaye shi ko ya san kwabban.

Bawa ya ce, "Ranka shi daɗe, ni na hude su. Leburorin ga sun wuni da yunwa da kuɗɗi ga hannu. In akwai saura a kawo, yanzu in gama."

Na nemi izinin Ma'aji na yi magana. Na ce kuɗin ba jabu ba ne, kuskuren daga wurin bugawa yake. Di'o ya juya kwabon a tafin hannunsa, ya ce ya sani. Ya ce ba a tuhumar Bawa da yin jabu, ana tuhumarsa da ɓata kuɗin gwamnati, kuma in aka bar maƙeri ɗaya ya sa hannu a kuɗi, gobe maƙera duka za su sa. Ma'aji ya taka mini ƙafa don kada in ƙara magana.

Aka aika da Bawa kotu, aka ɗaure shi ana gab da shuka. Da dogarai za su fita da shi ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai da ka san ƙarfe, hudar ce ba ta yi kyau ba?" Suka wuce da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, washegari Di'o ya kira ni. Ya ce in na samu kwabo marar huda in kawo masa, zai ba ni sule, don a ƙasarsu masu tara kuɗi nemansa suke yi ido rufe. Na ce to, ranka ya daɗe. Ban taɓa kai masa ko ɗaya ba.

Bawa bai ga kaka ba. Ciwon atuni ya kama shi a gidan yari, ya rasu. Ƙanensa ya zo daga Rawayya karɓar kayansa, ya biyo ta baitulmali ya tsaya a ƙofa. Bai zage ni ba. Tambayata ya yi ko zan iya zuwa in faɗa wa mutanen garinsu cewa wansa ba ɗan jabu ba ne, don manoma sun daina kai aiki maƙerar gidan. Na je ranar kasuwa na faɗa da babbar murya. Kaɗan ne suka yarda, don a wurinsu wanda aka ɗaure kan kuɗi ɓarawo ne.

Saboda haka nake ce muku, gane na gaske da na jabu shi ne mafi sauƙi a aikin nan, wata ɗaya ya ishe ku. Duk kwabon da kuka ware gefe, ku sani da mutum a bayansa, kuma da zarar ya bar hannunku ba ku da ikon abin da za a yi masa.