Matar da ke Bakin Teku

Shuɗin ne ya fara tsayar da ni. Na je unguwar Jambutu hayar littafin soyayya, sai na ga allo jingine da bangon shagon: teku, bishiyoyin kwakwa, da wata mata 'yar mitsitsiya a gefen hagu, da jan ɗankwali, ta juya baya. Mai zanen yana tsugune yana wanke burushi da kananzir.

Ɗan gudun hijira ne daga duwatsun arewacin jiharmu, cikin waɗanda suka cika Jimeta a shekarar da aka kori garuruwansu. Hamma muke ce masa. Bai taɓa ganin teku ba, daga tsohuwar kalanda yake kwafa. Masu aski da masu ɗaukar hoto ne ke saye. Na lura ko teku ya zana, ko daji, ko dutse, matar tana nan a gefen hagu. Ni da littattafai suka cika wa kai, na gama tsara labarin: masoyiyarsa ce, yaƙi ya raba su.

Wata rana wani dillalin zane ya zo daga Abuja. Ina zaɓen littafi na ji shi yana ce wa Hamma:

"Oga, teku ba ya tafiya. Baƙin nan na otal, abin nan wurin suke so. Zana kogi, zana gada."

Hamma ya ce, "Gada? A wannan lokaci?"

"To zauna da kwakwarka."

Lokacin bam ya riga ya tashi a cikin gari. Ko jaka ka ajiye sai an watse.

Ranar wata Asabar ina cikin keke napep, zan kai wa goggona saƙo kusa da bakin kogi, muka tarar an tare hanya. Mutane sun yi da'ira. Hamma na gani a tsakiya, zaune a ƙasa, leɓensa ya fashe. Wani ɗan banga yana ɗaga takarda sama.

"Taswira ce! Ga gada, ga ƙafafunta, ya ƙirga su!"

"Sayarwa zan yi," in ji Hamma.

"Wa zai sayi gada? Faɗi wanda ya aiko ka!"

Na ga wani yaro ya mirgino taya. Wani yana tambayar wa ke da fetur. Ban san lokacin da na sauka ba. A littattafaina jaruma takan yi magana kowa ya yi tsit. Ni da na buɗe baki, ba wanda ya saurare ni, sai da na maimaita.

"Bappa, don Allah duba gefen hagu. Akwai mace."

Ɗan bangan ya harare ni. "Ke kuma 'yar wa?"

"Duba dai. Ta juya baya, da ɗankwali. Duk zanensa akwai ta."

Ya duba. Tana nan, da fensir, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa.

Wani mai kifi ya leƙa. "Kai! Wannan tana shagon da nake aski. Kullum ina kallon ƙeyarta."

Wani ya yi dariya, wasu ba su yi ba. Mai tayar bai sake ta ba. Ɗan bangan ya tsuguna gaban Hamma.

"Wace ce?"

Har a lokacin ina jiran sunan budurwa.

"Mamata ce," in ji Hamma. "Ƙafarta ba ta gudu. Ta ce mu je, za ta bi ta gona. Na waiga, bayanta kawai na gani."

Ɗan bangan ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya yaga gadar, ya miƙa masa gefen hagun.

"Tashi. Kar na ƙara ganin ka a nan da fensir."

Hamma bai sake zana wani wuri na gaske ba, dillalin ma bai dawo ba. Bayan 'yan gudun hijira sun fara komawa gida, ya je garinsu ya yi ta tambayar labarinta, ya dawo shi kaɗai. Yanzu yana garejin manyan motoci a bakin gari, yana yi musu ado a baya. Gashinsa ya fara fari. Bara ina ƙetare gadar da 'ya'yana, wata tirela tana gabanmu da teku shuɗi shar a bayanta. Na ce wa direba ya ɗan matsa kusa. Tana nan a gefen hagu.