Gilashin Mai Aski

Shekara sha tara Baba Direba yana kai Likita ɗan asibitinta, kuma kullum wuri ɗaya yake saka motar: tsakanin falwaya da motar mai kemis. Wurin kuwa ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Shi ribas ɗaya, ya murza sitiyari, ya kashe.

Abin da Likita ba ta sani ba, shekara uku ke nan wuyansa ya daina juyawa. Matarsa ke gasa masa shi da ruwan zafi tana mita.

"Kana tuƙa likita kana ɓoye ciwo, Malam?"

"In ta sani, ta ɗauki yaro. Mu ci me?"

Dabararsa gilashin shagon mai aski ne da ke gefen wurin. A ciki yake ganin motar gaba ɗaya, da tazarar da ta rage a baya. Madubin mota ba ya nuna masa gindin falwayar. Ya gaji da tuƙin, ya gaji da tsoron, amma haka yake tashi kullum.

To, rana dubu ta ɓarawo. Wata Litinin suka iso, mai aski ya manne gilashin kaf da hotunan aski, kawunan samari reras. Baba ya sa ribas, ya tsaya. Ya fito da motar, ya sake. Motocin baya suka dame shi da hon. A karo na uku bayan motar ya daki falwaya, ba da ƙarfi ba, amma Likita ta ji.

"Baba, juya ka duba mana," ta ce.

Ya gwada. Kafaɗunsa suka juya, kan ya ƙi. Kunya ta rufe shi.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima, ranki ya daɗe."

Ta fita, ta tsaya inda zai gan ta a madubi, tana yi masa alama da hannu har motar ta zauna. Sannan ta zo taga ta miƙo hannu. Ya zare makullin ya sa mata, ta jefa a jaka.

"Shigo in duba ka."

Ya bi ta. Shekara sha tara yana tsayawa a bakin ƙofar nan, bai taɓa zama a bencin marasa lafiya ba sai yau. Ya zauna yana laluben aljihun da makullin yake kwana.