Faifan da Na Sa wa Koren Ɗigo

Na manta fuskokin rabin mutanen da na yi wa aiki a shagon hayar fim na Zango, amma ranar da Laminu ya shigo ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuke tura wa mutane fim a waya yanzu ba ku tarar da tsarinmu ba, don haka bari in fara da shi.

Maigidanmu Alhaji Bukar ne, ni kuma ni ne mai duba kaya, saboda na yi lekol, wato boko, har kolej, ina jin Faransanci. Faifai na zuwa mana a kwali, galibi hoton da ke jikin leda daban, abin da ke ciki daban. Aikina in saka kowanne a tele in duba kafin ya hau kanta. Wanda za a iya kai wa cikin gida, gaban mata da yara, in sa masa koren ɗigo. Wanda ba na gida ba in sa masa ja. Dokar Alhaji ɗaya ce: fim mai tsiraici, sumba ko kwalbar giya, ja ne. Ba wanda yake da lokacin kallon tulin faifai daga farko har ƙarshe, sai in kashe murya, in danna gudu a telekomand, wato rimot, in zuba ido ina jiran fatar mutum ta bayyana. Shekara tara ina wannan, har idona ya gaji da ganin Nasara suna gudu babu murya.

A shekarun da ake rige-rigen tafiya haƙar zinariya arewa ne wani fim na Faransa ya zo. Na saka shi da rana, kuran, wato wutar lantarki, na zuwa yana tafiya. Abin da na gani kawai mutum shida ne cikin duwatsu da ƙanƙara, kowa a rufe ruf, har da hula da safar hannu. Ban taɓa ganin fim mai sutura irin wannan ba. Rabinsa ma duhu ne. Na sa masa kore na jefa cikin na gida.

Washegari Yaya Falmata ta zo. Tsohuwar mai hulɗa da mu ce daga Birni, kuma kowa ya san halin da gidansu ke ciki. Ƙannenta biyu, Laminu da ƙaninsa, sun tafi haƙar zinariya, kamiyonsu ya lalace cikin rairayi, waɗanda suka bi hanya da ƙafa Laminu kaɗai sojoji suka tsinta da rai. Ƙaninsa bai dawo ba. Wata biyar ke nan Laminu yana ɗaki, ba ya magana, kwanan nan ne ma ya fara cin abinci da kansa.

"Sani, ka ba ni wanda ba hayaniya," in ji ta. "Ya fara zama gaban tele tare da mu. So nake ya dinga mantawa."

Na miƙa hannu cikin koraye na zaro mata guda uku. Wannan yana ciki.

Kwana biyu bayan haka ta dawo. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na fi jin sauƙi. Ajiye faifan ta yi a kan kantar shago, ta ce, "Ka kalle shi kuwa?" Na ce na duba. Ta ce, "Ba duba na tambaye ka ba."

Sai ta ba mu labari: ashe motar mutanen cikin fim ɗin ce ta faɗa rami, suka maƙale a tsohuwar mahaƙa, wani abu yana bin su cikin duhu yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ba dodon ne ya taɓa Laminu ba. Akwai wurin da wata mace ta bar ɗan'uwanta da karyayyar ƙafa, ta zare gorar ruwa daga hannunsa ta tafi, shi kuma yana kiran sunanta. A nan Falmata ta kashe tele. Laminu ya tashi ya fita babu takalmi, sai bayan la'asar wani ɗan kabu-kabu ya gan shi can bakin gari, kan hanyar Tanut, yana tafiya. Tun daga lokacin ya sake daina cin abinci.

Alhaji ya saurara, ya juyo gare ni. "Akwai tsiraici a ciki?" Na ce babu. Ya ga ban karya dokarsa ba, kuma ya ga dokar ba ta tsare kowa ba. Wallahi na ji kunya a ranar, irin wadda ke hana mutum ɗaga kai.

Ranar Asabar bayan azahar sai ga Laminu da kansa, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya bakin kanta ya ce, "Malam Sani, ina son in ga ƙarshensa." Na ce faifan ya lalace. Ya ce, "Kada ka yi mini irin ta gida. Kowa ɓoye mini yake yi." Na dubi Alhaji. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Rufe ƙofa, ka saka masa. Ka fassara masa komai, kada ka rage."

Muka zauna a benci ɗaya. Karo na farko ke nan da na kalli fim ɗin da murya. Ina fassara, yana kallo, hannunsa a kan gwiwa. Matar ta yi ta rarrafe, ta sha ruwan ɗan'uwan nata har ya ƙare, tana cewa ya yafe mata. Na so in tsallake wannan, na tuna maganar Alhaji, na faɗa masa yadda ta faɗa. A ƙarshe ta fito daga ramin, ta kai bakin titi, wata mota ta tsaya. Sai rubutu ya fara hawa.

"Shi ke nan?" in ji Laminu.

Na ce shi ke nan.

"Ba su nuna ta isa gida ba? Ba su nuna uwarsu ta tambaye ta ina ɗan'uwanta ba?"

Na ce ba su nuna ba.

Ya girgiza kai. "Wanda ya yi wannan fim bai taɓa dawowa ba. Ai nan ne abin yake farawa." Sannan ya ce, "Ni ma na ɗauke wa ƙanina bidon ɗin ruwa. Yana barci." Ba wanda ya taɓa jin wannan daga bakinsa, ko Falmata. Alhaji ne ya taso, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Allah ya jiƙansa, kai kuma Allah ya ba ka haƙuri. Tashi in raka ka gida, ka faɗa wa yayarka. Ba kai kaɗai za ka ɗauka ba." Suka fita tare, Alhaji yana riƙe da hannunsa. Daga baya Falmata ta ce a ranar ya ci tuwo, ya yi kuka, ya kuma ci.

Na ƙara shekara huɗu a aikin kafin waya ta kashe mana kasuwa. Abin da na koya ba shi da yawa. Mu masu wannan sana'a mun iya tsare idon mutane daga abin kunya, amma ba mu taɓa tambayar wa zai zauna gaban tele ba, da abin da ya baro a baya. Laminu yana nan, yana gyaran babur kusa da tasha. In mun haɗu mukan gaisa, ba mu taɓa sake maganar fim ba.